Gara In Wanke Ki da Ranki

Daga Allah muke, kuma can za mu koma komai daɗewa. Inna, uwar maigidana, ta rasu wata Talata da hantsi a gidanta na Gyadi-Gyadi. Ta sha kununta, ta yi wa jikarta faɗa a kan ta bar famfo yana zuba, sannan ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan. Ba zan kama sunanta ba. Shekara ashirin da biyu ina aure a gidan nan ban taɓa kama shi ba, ba kuwa yau zan fara rashin kunya ba don ta kwanta dama.

Kafin azahar tsakar gida ta cika ba masaka tsinke. Dangi mun san su, maƙwabta mun san su, amma sai ga wasu mata suna ta shigowa waɗanda 'ya'yan gidan ma ba su san fuskarsu ba. Wannan daga Hotoro, waccan daga Daurawa, wata ta ce daga Wudil ta hau mota da ta ji labari a waya. Kowacce ta shigo, kafin ma ta gaisa da mutane, sai ta wuce ƙofar ɗakin baya ta dafa bango. Ƙanwar maigidana ta kasa haƙuri ta tambayi ɗaya daga cikinsu, "Baiwar Allah, ta ina kuka haɗa da Inna?"

Matar ta ce, "Ni baƙuwarta ce."

Ta kusa da ita ta ɗago kai ta dube ta, ta ce, "Ashe ke ma?" Sai suka rungume juna suna kuka, alhali ba wadda ta san sunan 'yar'uwarta.

Da aka zo wanka kuwa sai da aka yi ja-in-ja. Inna ce ke wa matan unguwa wankan gawa tun kafin a kawo ni gidan, yau ga mai wanka a kwance, kowa na son a ce da hannunta. Wata ƙatuwar mata mai suyar awara a bakin titi ta tokare ƙofa ta ce, "Ta wanke ni ina da raina. Wallahi ko moɗa ɗaya ce sai na zuba mata." Aka bar ta ta shiga. A waje, kan tabarmar maza, an ce wani mai adaidaita sahu ya yi ta sharɓar kuka har Liman ya tambaye shi abin da tsohuwa ta yi masa. Ya ce, "Zagina ta yi, Malam. Ta wanke ni tas a gaban mai unguwa, shi ya sa har yau nake da iyali."

Mutum ɗaya ce ba ta fito ba har aka kai Inna makabartar Tarauni aka dawo. Yarinya ce da ba ta fi shekara ashirin ba, tana zaune cikin ɗakin bayan nan da hannu a ɗore da goyo a cinya. Kwananta goma sha ɗaya a gidan. Mijinta leburan gini ne, ya ɗauko ta daga ƙauye ya ajiye a ɗakin haya a Unguwar Gano, ba ta da kowa a Kano. Shi ya karya mata hannun. Inna ta aika wa yayan yarinyar saƙo, ta ce ba mai fitar da ita sai ya zo, sai ga shi mutuwa ta riga shi isowa. Da na kai mata abinci ta riƙe min bakin zane da hannunta mai lafiya, ta ce, "Anti, yanzu mayar da ni za a yi?"

Na ce ta ci abinci tukuna. Ni suruka ce a gidan nan, ba ni da gado, ba ni da baki.

Waɗanda suka san Inna a ƙarshen rayuwarta ba za su yarda ba, amma a da ita ce gwanar biko a duk Gyadi-Gyadi. In mace ta yi yaji, ita miji ke kai wa goro. Baki ne da ita kamar zuma. Za ta zaunar da mace ta ce haƙuri maganin zaman duniya, harshe da haƙori ma ana saɓawa, kowace mace da kika gani a ɗakinta haƙuri take yi. Kafin la'asar ta riƙo hannunta ta mayar da ita, ita kuma ta dawo tana jin ta yi aikin lada. Da bakinta ta gaya min, muna tsince wake, ta ce, "Nas, na mayar da mata sun fi gashin kanki." Nas take kirana saboda aikina na jinya, wani lokaci da tsokana, wani lokaci da faɗa.

Akwai wata maƙwabciyarta, amarya 'yar shiru-shiru, da ta mayar har sau uku. A na ukun yarinyar ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Inna, tsoro nake ji." Inna ta ce mata tsoro na Allah ne, ta tura ta ciki. Ba a rufa wata biyu ba aka aiko a zo a yi wanka. An ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki.

Al'adar masu wankan gawa ita ce, abin da ido ya gani a ɗakin wanka a nan ake barinsa. Amana ce, ba a fita da ita. Inna ta riƙe amanar nan har ta koma ga Ubangijinta. Sau da yawa na so in ji, ina zagaye-zagaye irin namu na ma'aikatan asibiti, ba ta taɓa ce min ga abin da ta gani a jikin yarinyar ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga abin da na gani, kuma ni na kai ta." An ce kwana uku ta yi ba ta ci tuwo ba. A rana ta huɗu wani ya zo da goron biko, ta watsa masa shi a ƙirji.

Daga nan ta kwashe tarkacen da ke ɗakin baya, ta sa katifa da buta da sallaya. Duk macen da ta shigo da mayafi a rufe da rabin fuska, ko tana tafiya tana dafa haƙarƙari, Inna ba ta tambayarta me ya faru, don ta san amsar: ƙofa ce ta buge ni, faɗuwa na yi. Sai dai ta ce, "Ɗora ruwa." In ruwa ya yi zafi ta ja ta banɗaki, ta zaunar da ita a kan turmi, ta gasa mata jiki da tawul da hannunta. In mace ta fara noƙewa tana jin kunya, sai ta ce, "Kwance zanen nan, 'yar nan. Gara in wanke ki da ranki. Na gaji da wanke ku a kwance." A nan take ganin gaskiya, a baya da cinya da wuya, inda zane ke rufewa. Ba ta kiran kowa da suna. Kowacce Baƙuwa ce, ko maƙwabta suka tambaya sai ta ce baƙuwa ta yi.

Kada wani ya ɗauka kashe aure take yi, ko da yake an sha yi mata wannan kirarin a bayan idonta, wani lokaci ma a gabanta. Sharaɗinta uku ne ba ta canzawa. Miji ba ya aiko wakili, da ƙafarsa zai zo. Wani daga dangin matar sai ya zauna. Kuma a gaban mai unguwa za a tambayi matar da kanta, ke me kike so. Wadda ta ce za ta koma, Inna ta bi ta da ziyara ba sanarwa, ta shiga har uwar ɗaka ta ce a ba ta ruwa ta sha, idonta na kan wuyan matar. Wadda ta ce ta gama, ta sa takalminta ta raka ta gaban alƙali. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san ƙofar wata lauya mace da ba ta karɓar ko sisi a kan irin wannan, ta kuma san ranar da ake samunta a ofis.

Mun yi faɗa da ita sosai, kada a ce don ta rasu na mayar da ita waliyyiya. Rikici ne da Inna, ga taurin kai. Wata rana na dawo daga aiki na tarar tana danna wa wata baƙuwa tawul mai zafi a kan haƙarƙarin da ni da ganinsa na san a karye yake. Na manta da surukuta na ce, "Inna, kashe ta za ki yi? Wannan ta asibiti ce." Ta ce, "To bokan Turai, kafin a haifi uwarki nake gasa jiki." Na ce gashi ba ya ɗora ƙashi, kuma in aka je gaban alƙali ba a karɓar tawul a matsayin shaida, takardar likita ake nema. Sati guda ba ta amsa gaisuwata. A rana ta takwas ta aiko min da dambun nama a kwano, tare da saƙon cewa in zo in duba wata baƙuwa. Ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba, Allah Ya jiƙanta, amma daga ranar ba ta ƙara ɗora tawul a jikin kowa ba sai na duba, wadda take ta asibiti kuma ni ke kai ta in karɓo takarda.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa ko uwar da ta haife ni ba. Ni ma na kwana a ɗakin nan.

Maigidana ɗan farin Inna ne, ita kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari take yi masa ta gaske. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido. In yana tsaye a gabanta sai ta ce da ni, "Ki gaya wa wancan an gode da shinkafa." A shekara ta uku da aurenmu, muna haya a Tarauni, na makara a wurin aiki, ya dawo bai tarar da abinci ba, magana ta yi magana, ya kwaɗa min mari har kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara. Ranar Juma'a na je gaishe da Inna na ja mayafi na rufe kumatu. Ni da nake duba matan wasu, sai ga ni ina cewa haƙori ne ke damuna. Ta dube ni ta ce, "Ɗora ruwa."

Bayan an sauko daga masallaci ya zo ɗaukata. Ba kowa a gidan sai mu uku. Inna ta fito tsakar gida ta tsaya, ta kira sunansa, sunansa na yanka, da ƙarfi, tana kallon ƙwayar idonsa. Na ga ya zauna a ƙasa ba tabarma. Ta ce, "Shekara talatin ina jin kunyarka, yau ka cire min ita. Hannun nan da ka ɗaga, ni na wanke shi yana ɗan mitsitsi. Ban wanke shi don wannan ba. Tashi ka ba ni wuri." Kwana arba'in na yi a ɗakin baya, ana cewa ina taya ta zama. Kullum da yamma yana zuwa ya zauna a zaure, ko ruwa ba ta bari a kai masa. Da ta tashi sallamata, ni ta tambaya, ba shi ba. Na koma, kuma tun daga ranar ko yatsa bai ƙara nuna min ba. Na san ba kowane namiji ke shiryuwa haka ba, Inna ma ta sani, shi ya sa ba ta taɓa rufe ɗakin ba. Washegari ta koma kiransa wancan, kamar ba a yi ba.

Ranar sadakar uku abin da nake tsoro ya zo. An gama addu'a da safe, muna raba gumba da waina a cikin gida, sai ƙanwar maigidana ta shigo ta ce Kawu ya ce a gaya wa yarinyar nan ta haɗa kayanta. Kawu ƙanin Inna ne, shi ne babban dangi yanzu. Ashe mijin yarinyar ne ya zo ta'aziyya, shi da baffansa, da goro da dabino. Sun yi addu'a mai tsawo, sannan baffan ya ce albarkacin mamaciya, don Allah Ya haskaka kabarinta, a yafe wa yaro a ba shi matarsa. Sun san abin da suka yi. A gidan makoki ba a korar mai ta'aziyya, roƙon da aka haɗa da gawa kuma nauyi ne da shi, kowa na jin kunyar ya ce a'a.

Na leƙa ɗakin baya. Yarinyar ta ji saƙon, har ta fara ninke zanen goyo da hannu ɗaya, ba ko kuka. Ganin haka ne ya tayar min da hankali. Na ajiye ludayi na nufi zaure. Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi wa Kawu magana a tsaye ba. Na laɓe a bayan ƙyaure na yi sallama, na ce, "Kawu, a gafarce ni. Ba za ta fito ba."

Kawu ya ce, "Wace ce wannan?" Ya san muryata sarai. Ya ce, "'Yar nan, mai ɗakin ta tafi. Riƙon matar mutane ba gadonmu ba ne. Ga mijinta ya zo da girmamawa, ki koma ciki."

Baffan ya gyara murya ya ce, "Hajiya, ba mu ce yaro ya kyauta ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yarinyar baki gare ta."

Na ce, "Baba, in bakin ne ya yi laifi, ai hannu aka karya. A wuri biyu. Ni na kai ta aka ɗauki hoton ƙashin, takardar tana jakata."

Kawu ya fusata. Bai ƙara tanka min ba, ya juya kan maigidana ya ce, "Kai ne babba a gidan nan yanzu. Uwarka kwana uku a ƙasa, matarka na ɗaga murya a zauren maza. Tsawata wa iyalinka."

Ina bayan ƙyaure ba na ganin fuskarsa. Mutum ne da ba ya musu da manya, kuma a gaban abokan aikinsa ake, da Liman, da mai unguwa. Na riga na sallama, ina tunanin ta wace ƙofa zan fitar da yarinyar. Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Kawu, kun san Inna ba ta kama sunana. Duk rayuwata sau ɗaya na ji shi a bakinta, ranar da na mari matar nan da ke bayan ƙofa. Kwana arba'in ta yi a ɗakin can saboda hannuna, ina zaune a nan inda kake zaune, ba wanda ya ba ni ita don na kawo goro. Wannan ma ba mai fitar da ita sai yayanta ya zo, a zauna gaban mai unguwa, a tambaye ta. Malam, mun gode da ta'aziyya, Allah Ya ba da lada. Amma ta'aziyya daban, biko daban."

Wallahi na ji haushinsa a lokacin, ya kwance min zane a gaban maza, abin da na ɓoye shekara goma sha tara. Na kuma ji sonsa fiye da ranar da aka kai ni ɗakinsa. Duka biyun na ji a tare, na zauna a dandaryar ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar Talata. Can na ji Kawu ya ja tsaki, ya fyace hanci, ya ce, "Yaya ke nan. Tana kabari ma sai ta yi mulki." Ya tura wa baƙin goronsu da sandarsa.

Yayan yarinyar ya iso ranar Asabar. Aka zauna, mai unguwa ya tambaye ta, ta ɗago kai ta ce ba za ta koma ba. Maganar tana gaban alƙali yanzu, ita kuma tana gidan iyayenta, an kwance ɗorin, tana iya ɗaukar ɗanta da hannu biyu. Ranar da za ta tafi ta share ɗakin ta ninke sallaya, ta miƙo min mukulli. Na rasa wanda zan ba, sai na ɗaure shi a bakin zanena.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo. Ta yi kuskure sau ɗaya da ta sani, ta ƙarar da sauran kwananta tana gyara shi. Ta rufa asirin matattu, ta tsaya wa masu rai. Ka wanke ta kamar yadda ta wanke bayinka, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da amaryar nan a inda ba tsoro. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ranar bakwai da yamma, mutane sun watse, ina tattara kwanuka, sai na lura da wata mata a gindin bishiyar darbejiyar tsakar gida. Tun azahar take zaune, ba ta ci komai ba, ba ta yi wa kowa gaisuwa ba. Mayafinta ya rufe rabin fuskarta. Na matsa na ce sannu. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce min nan ne gidan Inna. Ban san ta rasu ba sai da na shigo. Allah Ya jiƙanta." Ta dafa bango ta miƙe a hankali, tana riƙe da gefen cikinta, ta nufi zaure.

Har ta kai bakin ƙofa. Na ce, "Baƙuwa, dawo."

Ta tsaya. Na kwance mukulli daga bakin zanena, na shiga kicin na ɗora ruwa.